Yadda Aka Mayar da Farin Ƙarfe Baƙi: Tarihin Ragar da Ba a So a Gani

Tun da daɗewa Hausawa suka raba maƙera gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu ƙera garma da fartanya da wuƙa daga baƙin ƙarfe, akwai kuma maƙeran fari, waɗanda aikinsu ya tsaya ga azurfa da tagulla da sauran ƙarafan ado. Ƙarfen nan marar tsatsa, wanda ake yin cokula da tukwane da kayan asibiti da shi, ya zo ya rikita wannan rabo. Asalinsa baƙin ƙarfe ne, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na jikinsa shi ne, amma a ido fari ne tas, kuma ƙyallinsa na daga cikin abin da ya sa duniya ta so shi.

Duk da haka, a manyan gidajen namun daji na Turai da Amurka da Asiya a yau, ana saƙa raga da igiyoyin wannan farin ƙarfe, sannan a biya ƙarin kuɗi domin a mayar da ita baƙa. Ba kwalliya ake nufi ba. Baƙin shi ne mataki na ƙarshe a wani dogon ƙoƙari na gina kejin da mai kallo ba zai gan shi ba, kuma samunsa ya tilasta wa masana karya ainihin garkuwar da ta hana ƙarfen tsatsa. Labarin ya taso ne daga wurare uku da ba su san da juna ba: ramin haƙar ma'adinai, ɗakin binciken bindiga, da gidan namun daji.

Igiyar da ta fito daga rami

A farkon ƙarni na 19, mahaƙan azurfa da dalma na tsaunukan Harz a Jamus sun yi nisa cikin ƙasa har abin ɗaga kaya ya zame musu babbar damuwa. Igiyar rama tana da tsada, kuma danshin rami yana ruɓar da ita. Sarƙar ƙarfe tana da nauyi, ga wani aibi mafi muni: idan zobe ɗaya ya karye, dukkan kayan sai ya faɗa rami ba tare da wata alama ba.

Wani jami'in ma'adinai a garin Clausthal, Wilhelm Albert, shi ya warware matsalar a shekarar 1834. Ya ɗauki dabarar masu tufkar igiya ya ɗora ta a kan waya: wayoyi huɗu aka tufke suka zama sili ɗaya, sili uku kuma aka tufke suka zama igiya. Hikimar ita ce nauyi ya rabu a kan wayoyi da yawa. Idan ɗaya ta tsinke sauran za su riƙe, kuma mai duba igiyar zai ga tsinkakkiyar ta miƙo kai kafin haɗari ya auku.

Dabarar ta bazu da sauri. John Roebling, Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya fara tufkar igiyar waya a jihar Pennsylvania a 1841, kuma shi ya tsara gadar Brooklyn ta birnin New York, wadda aka buɗe a 1883 tana rataye da wayoyin ƙarfe da aka lulluɓe da tutiya. Lulluɓin tutiya shi ne maganin tsatsa na wancan zamani. Yana aiki, amma yana cinyewa da shekaru, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, yana da illa ga wasu dabbobi.

Ƙarfen da ya ƙi sauya launi

Baƙanta ƙarfe tsohuwar sana'a ce, kuma maƙeran bindiga ne suka fi ƙwarewa a kanta. Sukan shafa wa bututun bindiga wani ruwa mai tsami, su bar shi ya yi jar tsatsa, su tafasa shi cikin ruwa har jar tsatsar ta rikiɗe ta koma baƙa mai maƙewa a jiki, su goge, su maimaita sau da yawa. Baƙar tsatsar ita ce abin da masana ke kira magnetayit. Daga baya masana'antu suka taƙaita aikin zuwa tsoma ƙarfe cikin tafasasshen ruwan soda mai ƙuna, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, gauraye da wasu gishirai, a zafin da ya kai kimanin digiri 140. Amfanin biyu ne: baƙin yana riƙe mai, man kuma ya rage tsatsa, sannan bindigar ba ta ƙyalli da zai tona asirin mai riƙe da ita.

Abin mamaki shi ne, binciken bututun bindiga ne ya haifar da ƙarfen da ya ƙi karɓar wannan baƙi. Harry Brearley, masanin ƙarafa a birnin Sheffield na Ingila, yana neman haɗin da zai jure zaizayewar da zafin harbi ke yi wa cikin bututu. A watan Agustan 1913 ya narka wani haɗi mai kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari, sai ya lura cewa ruwan asid ɗin da ake amfani da shi wajen fito da zanen jikin ƙarfe bai kama shi ba. Ƙarfen bai shiga tarihi ta hanyar bindiga ba. Ta hanyar wuƙar cin abinci ya shiga, domin Sheffield gari ne na maƙeran wuƙa.

A Jamus kuma, Benno Strauss da Eduard Maurer na kamfanin Krupp sun riga sun nemi rajistar wani haɗi na kuromiyam da nikel a 1912. Wannan reshe shi ya fi muhimmanci ga labarin raga, domin yana da taushin da za a ja shi ya zama siririyar waya ba tare da ya karye ba. A 1924 William Hatfield, wanda ya gaji Brearley a wurin aikinsa, ya daidaita haɗin da ake kira 18/8, wato kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Shi ne kakan nau'in da kasuwa ke kira 304 a yau. Ɗan'uwansa 316 yana da ƙarin molibdinam kashi 2 zuwa 3, abin da ke sa ya fi jure gishiri.

Sirrin ƙarfen yana fatarsa. Idan kuromiyam ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye, yakan haɗu da iskar oksijin ya yi wata fata siririya ƙwarai, wadda ido ba ya gani, ta rufe jikin ƙarfen ruf. In an karce ta, sai ta sake rufewa da kanta muddin akwai iska. Wannan fata ce ta hana tsatsa, ita ce kuma ta sa tsohon ruwan maƙeran bindiga ya kasa yin komai. A wancan lokaci babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin matsala. Da aka kammala ginin Chrysler a New York a 1930, an lulluɓe kansa da irin ƙarfen Krupp ne domin ya yi ta walƙiya a rana, kuma har yau yana yi.

Kejin da aka fara jin kunyarsa

Gidajen namun daji na ƙarni na 19 jerin kejuna ne masu kaurin sanduna, kamar kurkuku. Mutumin da ya fara sauya wannan fasali shi ne Carl Hagenbeck, dillalin namun daji na birnin Hamburg. A 1907 ya buɗe dandalinsa a unguwar Stellingen, inda ya cire sanduna ya maye gurbinsu da gwalalo mai zurfi da duwatsun da aka gina da hannu, har mai kallo ya ga zaki da barewa kamar a fili ɗaya suke. Yana da kyau a tuna cewa mutumin nan ya yi suna tun a shekarun 1870 wajen baje kolin mutane, ciki har da Nubiyawa daga Sudan, domin Turawa su biya su kalla. Tun daga tushe, abin da ya dame shi shi ne idon mai biyan kuɗin shiga.

Gwalalo ya isa ya tsare zaki da giwa, amma bai isa ya tsare tsuntsu ko biri ko damisa ba. Mai tashi da mai hawa sai an rufe su ta sama. A bikin baje kolin duniya na birnin St. Louis a 1904, cibiyar Smithsonian ta gina wani ƙaton keji na tsuntsaye wanda mutane ke ratsawa ta cikinsa, kuma yana nan tsaye har yau. Sai dai ƙarafan da ke riƙe da shi sun cika ido.

Bayan yaƙin duniya na biyu magina suka koma ga wata dabara: maimakon sandunan da ke tsaye da kaurinsu, a yi amfani da igiyoyin da ke tsaye saboda an ja su sun ɗame, kamar tanti. A 1965 aka buɗe kejin tsuntsaye na Snowdon a gidan namun daji na Landan, aikin Lord Snowdon da Cedric Price da injiniya Frank Newby, wanda igiyoyin ƙarfe ke riƙe da ragarsa ta alminiyam. Babban malamin wannan fanni shi ne Frei Otto, Bajamushen da ya yi rumfar ƙasarsa a baje kolin Montreal na 1967, ya kuma sa hannu a rufin filin wasannin Olamfik na Munich a 1972. A 1980 aka kammala kejin tsuntsayen da ya tsara tare da abokan aikinsa a gidan namun daji na Hellabrunn da ke Munich, raga ta ƙarfe marar tsatsa da aka yafa a kan 'yan ginshiƙai kamar mayafi a kan bishiyoyi.

A daidai wannan lokaci tunanin masu tsara gidajen namun daji ya ƙara gaba. A birnin Seattle na Amurka, tsarin da aka yi wa gidan Woodland Park a 1976 ya kawo ra'ayin cewa mai kallo ya ji kamar ya shiga dajin dabbar ne, ba dabbar aka kawo garinsa ba. Wurin goggon biri da aka buɗe a can a 1979 ya zama abin koyi. Daga nan duk abin da ke tuna wa mai kallo cewa akwai shinge sai ya zama aibi.

Tsofaffin gidajen tufkar igiya ne suka kawo kayan aikin da ya dace, irin su Carl Stahl a kudancin Jamus da Jakob a Suwizalan, waɗanda suka faro da igiyar rama kafin su koma waya. Ragar da suke yi ba ta waya guda ba ce. Kowane zare nata ƙaramar igiya ce, sau da yawa mai sili 7 kowanne da waya 7, ko sili 7 kowanne da waya 19, wato jikar igiyar Albert. Ana haɗa igiyoyin ta hanyar saƙa su cikin juna, ko a matse su da 'yan zobban ƙarfe a kowace mahaɗa. Irin wannan raga tana lanƙwasa kamar tufa, tana shanye ƙarfin dabbar da ta faɗo mata, kuma ba ta buƙatar tutiya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin aku da danginsa sukan gwigwiyi waya, kuma likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa tutiyar sabuwar waya tana sa musu guba.

Matsalar ƙyalli

Abu ɗaya ya rage. Raga mai kaurin milimita 1.5 ko 2 siririya ce, amma idan rana ta buge ta, kowace waya takan zama ɗan madubi. Igiya ma ta fi waya guda wannan aibi, domin tufkarta ta sa tana da fuskoki da yawa, ko ta ina rana take sai wata fuska ta kama ta. Hasken da ke dawowa daga ragar ya fi wanda ke fitowa daga dabbar da ke kwance a inuwa, don haka ido sai ya tsaya a kan raga, na'urar ɗaukar hoto ma haka.

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin farin gidan sauro da fitila a hannunsa ya san abin: hasken yana tsayawa a kan ragar, na ciki ba ya ganuwa sosai. Masu kiwon zuma sun san maganin tuntuni, shi ya sa ragar da ke gaban fuskarsu baƙa ce ko da sauran rigar fara ce. Baƙi yana shanye haske maimakon ya mayar da shi, sai ido ya tsallake zaren ya sauka a kan abin da ke bayansa.

Fenti shi ne amsar da ta fi kusa, kuma shi ya fi saurin ba da kunya. Santsin ƙarfe marar tsatsa ba ya riƙe fenti da kyau, igiya tana motsi kowace waya na goga 'yar'uwarta, birai da tsuntsaye kuma suna ɓamɓarewa su haɗiye. Mafi muni, inda fenti ya tsage ruwa yakan shiga ya kwanta a ƙarƙashinsa, iska ba ta kai wurin, fatar kariya ba ta iya sake rufewa, sai ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa ya fara cinyewa a ɓoye. Abin da ake buƙata shi ne baƙin da ya fito daga jikin ƙarfen kansa.

Hanyoyi huɗu na samun baƙi

Hanya ta farko ita ce narkakken gishiri. Ana tsoma ƙarfen cikin gishirin sodiyam daikuromet da aka narka a zafin kimanin digiri 400, sai fatar ta yi kauri ta koma baƙa. Ƙa'idar rundunar sojan Amurka kan baƙanta ƙarafa, mai lamba 13924, ta ware wa wannan hanya aji na uku.

Ta biyu ita ce gyararren ruwan maƙeran bindiga. Da farko ana wanke ƙarfen da asid domin a cire fatar kariya, sannan a tsoma shi cikin zazzafan ruwan soda mai ƙuna da aka ƙara wa gishirai masu farar wuta. Wannan shi ne aji na huɗu a waccan ƙa'ida, wanda aka keɓe wa dangin 304 da 316. Baƙin da ake samu siriri ne matuƙa, bai kusa kaurin silin gashi ba, don haka bai sauya kaurin igiya ko hana ta lanƙwasa. Idan 'yan kasuwar raga suka ce ragarsu mai baƙin oksayid ce, wannan dangin aiki suke nufi.

Ta uku ta fito ne daga kamfanin International Nickel, wanda aka fi sani da Inco, a 1972. Ana tsoma ƙarfen cikin zazzafan haɗin asid na kuromik da salfurik, fatar kariya ta yi ta ƙara kauri a hankali. Fatar ba ta da launi. Launin yana fitowa ne daga karon hasken da ya dawo daga samanta da wanda ya dawo daga ƙarƙashinta, kamar launukan da ake gani idan man mota ya zuba a kan ruwan sama. Gwargwadon daɗewar ƙarfen a ruwan ake samun ruwan tagulla, shuɗi, ruwan zinariya, ja, kore, ko baƙi. Ɗakin ibada na Shakaden da aka kammala a birnin Tokyo a 1975 na cikin gine-ginen farko da aka rufe da baƙin ƙarfen da aka yi ta wannan hanya.

Ta huɗu ita ce mafi sabunta: a sa ƙarfen cikin ɗakin da aka zuƙe iskarsa, a mayar da wani ƙarfe kamar taitaniyam tururi, ya sauka a jikinsa ya daskare. Da ita ake yin baƙaƙen agogo da kawunan famfo. Tana da tauri, amma tana da tsada, girman ɗakin yana taƙaita girman abin da za a sa, kuma tururin bai iya shiga lungunan da ke tsakanin wayoyin igiya kamar yadda ruwa ke shiga.

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin da ke mayar da ƙarfe marar kyau mai kyau. Ƙarfin jure tsatsa yana nan a jikin nau'in da aka saƙa ragar da shi. Raga ta 304 da aka kafa a bakin teku za ta sha wahalar gishiri ko baƙa ce ko fara. Baƙin kuma yana gogewa a inda dabba ke yawan hawa ko hannun mutane ke yawan taɓawa, har farin ƙarfen ya leƙo.

Kuɗin da ba ya cikin takardar ciniki

Biyu daga cikin hanyoyin nan, ta narkakken gishiri da ta Inco, sun dogara ne da wani nau'in kuromiyam da masana ke yi wa laƙabi da na shida. Ya sha bamban da kuromiyam ɗin da ke cikin cokalin cin abinci, wanda ba shi da haɗari. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa na shidan a rukuni na farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, musamman na huhu ga ma'aikatan da ke shaƙar tururinsa. Shi ne sinadarin da ya gurɓata ruwan garin Hinkley a jihar Kalifoniya, ko da yake a can daga wata tashar tura iskar gas ya fito, shari'ar da ta ƙare da biyan dala miliyan 333 a 1996.

Tun daga ranar 21 ga Satumban 2017, dokar sinadarai ta Tarayyar Turai ta hana amfani da kuromiyam tirayoksayid da sodiyam daikuromet sai da izini na musamman. Haɗarin yana wurin aikin ne, a kan mai tsoma raga cikin tukunya da kuma rafin da ake zubar da ruwan wankin, ba a kan ragar da aka gama aka wanke ba. Hanyar soda mai ƙuna ma ba wasa ba ce, domin tafasasshiyar soda tana cin naman mutum nan take.

A yau babban kaso na ragar waya da ke yawo a kasuwannin duniya yana fitowa ne daga gundumar Anping ta lardin Hebei a ƙasar Sin, wadda ta yi suna da wannan sana'a. Yawan masu yi ya karya farashi, har ragar ta fita daga gidan namun daji ta shiga shingen bene da na gada da bangon da ake ɗora wa tsirrai masu yaɗo. Amma kalmar baƙi a takardar ciniki tana iya nufin kowanne daga abubuwan da aka lissafa, har da fenti. Magini ko jami'in sayayya da ke shirin yin oda yana da tambayoyi uku da ya kamata a amsa masa a rubuce: wane nau'in ƙarfe ne, ta wace hanya aka baƙanta shi, kuma yaya masana'antar ke yi da ruwan da ta gama aiki da shi. Yana kuma iya neman ɗan samfuri ya lanƙwasa shi sau da yawa ya karce shi da wuƙa. Fenti zai ɓamɓaro ɓawo-ɓawo, baƙin da ya fito daga jikin ƙarfe kuwa sai dai ya goge. Araha, in ji masu iya magana, ba ta ado.

Kejin Snowdon na Landan ya sake buɗewa a 2022, bayan an gyara shi an mayar da shi mazaunin birai masu dogon gashi baƙi da fari na dazuzzukan Afirka. Masu ziyara suna ratsawa ta ciki, birai na tsalle a samansu. Raga irin ta zamani ta bai wa dabbobi sarari da tsawo da iska fiye da abin da sandunan ƙarni na 19 suka taɓa ba su, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Launin ragar kuwa domin mai kallo aka zaɓe shi. Birin da ke ciki ya san inda iyakar take, domin hannunsa na kanta kullum.